Hoton Masanje da Roƙon Maƙeri

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune ina wanke kifin da zan soya, na ɗaga kai na ga kunnuwan Masanje babu komai.

'Yan kunnen zinare ne da mahaifiyarmu ta bar mata. Shekara tara ke nan ba ta cire su ba, ko wanka da su take yi.

"Ina 'yan kunnenki?"

"Na ajiye, Yaya Nami."

"A ina?"

Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Ni na goyi yarinyar nan, ni na yaye ta daga kukan maraici, yau tana da shekara ashirin da huɗu tana aiki a kantin magani, amma har gobe in za ta yi ƙarya sai hancinta ya yi zufa. Na ture robar kifin, na ja ta ɗaki na rufe ƙofa.

Ba tun yau na lura da ita ba. Wata biyu ke nan da Baba, Laji Bureima Sangare, ya sallami kawun Bangali Kante, wanda ya zo nema masa auren Masanje, daga ƙofar gidanmu a nan unguwar Abobo. Bai yi faɗa ba, Baba ba ya faɗa. Cewa ya yi yaron kirki ne, kowa ya san shagon waldarsa, amma mu Fulani ne su maƙera. Tsakaninmu da su wasa ne, ka zage shi ya zage ka a yi dariya, aure kuwa kakanni sun haramta. Ya ce ba zai yi mata dole da Siyaka Sidibe ɗan amininsa ba, duk da kullum Siyakan yana zarya da motarsa, amma goron maƙeri ba zai shiga gidansa ba. Ya kuma roƙi Bangali ya fita harkarta, Bangali ya yi alkawari.

Ta yi kuka kamar ranta zai fita. Daga baya sai na ga ta warware, tana murmushi ita kaɗai da waya a hannu. Na ce a raina to, ko Siyaka ne ya fara samun shiga. Ashe ba haka ba ne.

"Faɗa min gaskiya, ko in kira Baba yanzu daga kasuwar shanu."

Ta zube ta rungume ƙafafuna.

"Don Allah Yaya kada ki kira shi! Na sayar da su. Bangali ne... Bangali ne ya ce in ban tura masa kuɗi ba zai watsa hotona."

"Wane hoton?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Na zauna a bakin gado.

Da ƙyar na tsinci labarin a cikin shessheƙa. Mako uku da suka wuce saƙo ya shigo mata daga sabuwar lamba, da hoton Bangali a kai. Ya ce shi ne, ya canza layi don kada Baba ya gane. Ya ce kada ta kira, kada ta zo shago, kada ta faɗa wa kowa, har ni. Kullum suna hira ta rubutu. Rannan ya ce kewarta za ta kashe shi, tunda an hana shi ganinta ta turo masa abin da zai riƙe. Ta tura na fuska. Ya ce wannan kowa ma yana gani a titi, shi na mijin gobe yake so. Ta ƙi, ya yi fushi kwana biyu, ya ce dama ya san ba son gaskiya take masa ba. A rana ta uku ta fito daga wanka ta ɗauka ta tura.

Ko awa ɗaya ba a yi ba ya juye. Ya turo mata lambar Baba, da ta Siyaka, da sunayen matan ƙungiyarmu ta 'yan asalin garin Ojenne. Ta sayar da 'yan kunne ta tura masa. Jiya ya dawo, wai jaka ɗari uku ta sefa yake so kafin a sauko daga masallacin Juma'a.

"Yaya, me na yi masa? Ashe ramuwa yake so ya yi a kan Baba? Ni da na ce ko duniya za ta taru ba zan auri kowa ba sai shi!"

Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a bakina. Na so in kwaɗa mata mari, na kuma so in goya ta. Na ce, "Ba ni wayar."

Na fara karantawa tun daga farko. Sarauniyata. Zumar zuciyata. Tauraruwata mai haske. Faransanci mai santsi, ko tuntuɓe babu. Na ci gaba da ja, kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma. Can na tsaya.

"Masanje, ina zagin?"

Ta ɗago jajayen idanunta. "Wane zagi?"

"Mako uku mutumin nan yana miki magana. Nuna min inda ya ce miki 'yar bin wutsiyar saniya. Nuna min inda ya ce miki baiwarsa, ko siririya kamar sandar kiwo. Wuri ɗaya tak."

Ta karɓi wayar tana ja da yatsa.

"Yaushe Bangali ya taɓa gaishe ki bai tsokane ki ba? Ranar da ya fara cewa yana sonki, ba ke kika dawo kina ba ni labari wai ya ce zai taimaka ya saye ki da buhun gawayi ɗaya ba? Ko ranar rasuwar Inna da ubansa ya zo gaisuwa, sai da ya ce tsohuwa ta gudu da kwanon nononsa. Ɗan Kante ne zai yi kwana da kwanaki yana kiran 'yar Sangare sarauniya? Kuma shi da rubutu ke ba wahala, komai sai ya danna ya yi magana da yarenmu na Julanci, yaushe ya zama malamin makaranta?"

"Na zaci... na zaci rabuwar ce ta sa ya yi laushi."

"Ƙarfe ne, sai da wuta yake laushi. Tashi ki wanke fuska."

Ba mu tsaya neman mota ba, da ƙafa muka ratsa ta bayan kasuwa. Tun daga nesa muka hango shi a ƙofar shago, ya duƙa a kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi yana tashi. Ya rame. Da ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gan mu, sai da abin waldar ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Amma baki ya riga hankali.

"A'a! Yau shanun wa suka ɓace, Fulani suka shigo gari da rana tsaka? Yaya Nami, kin kawo min baiwata ne in sa ta zuga min wuta?"

Masanje ta fashe da wani irin kuka, ta durƙushe a wurin cikin baƙin ƙasar shagon. Ni kaina sai da na share ido. Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Ya kashe injin, ya shigar da mu ciki, ya goge benci da rigarsa. Na miƙa masa wayar, na ce ya karanta amma kada ya wuce inda na sa yatsa. Yana karantawa jijiyar wuyansa tana tashi. Da ya gama ya ajiye wayar a hankali kamar ƙwai.

"Masanje, kin yarda ni ne?"

"Hotonka ne a kai, Bangali. Ya san sunan Baba, ya san ranar da aka kori kawunka, ya san komai..."

"Yo ba ke kika rubuta wa duniya ba?" na ce. "Kullum kina shafinki na sada zumunta, wai an raba hanta da jini, ga hotonku a bakin ruwa, ƙawaye suna ta zuba sunaye a ƙasa. Wanda yake neman labari ai ko tambaya ba zai yi ba."

Bangali bai ko kalle ni ba, ita yake kallo.

"Ba wannan na tambaya ba. Na ce kin yarda ni Bangali zan nemi ki tuɓe min a waya? Shekara biyu ina zuwa gidanku, ko mayafinki na taɓa ja?"

"Ba ka taɓa ba."

"To, don me?"

"Don ka yi shiru!" Ta ɗago tana kallonsa, hawaye har wuya. "Wata biyu, Bangali. Ko a hanya ka hango ni sai ka sauya titi. Ina kwana ina tashi ban san ko ka manta da ni ba. Da saƙon nan ya zo, ko shaiɗan ne ya rubuto da sunanka zan amsa. Na san na yi wauta. Na zubar da mutuncina, na zubar da na Baba. In ka ce ka fasa ba zan ga laifinka ba, dama Siyaka ma in ya gani..."

"Rufe min baki da zancen Siyaka."

Ya sauko daga kan bencin ya tsuguna a gabanta, ƙaton mutum, idonsa ya kawo ruwa.

"Na yi wa Laji alkawari, na cika. Ban san cika alkawarin zai bar ƙofa a buɗe ɓarawo ya shiga da rigata ba. Laifin da kika yi shi ne kin so ni fiye da hankalinki. Wanda ya yi abin kunya yana can ya ɓoye fuska a bayan hotona. Ke kuwa yadda na bar ki haka na same ki, siririya, mummuna, mai warin man shanu."

Ta yi dariya cikin kuka har ta sarƙe.

Sai kuma ya miƙe fuska a murtuke. "Siyaka ne. Wallahi sai na..."

"Zauna," na ce. "Ka gan shi? Yaran nan masu damfarar waya sun cika gari, mace goma suke yi wa haka a rana ɗaya, ba su san Siyaka ba, ba su san ka ba. Kada ka ɗora wa bawan Allah abin da ba ka da shaida."

Masanje ta ce a sanyaye, "Ko dai a tura masa kuɗin? Ina da adashi..."

"Kin tura na 'yan kunne, ya tafi?" in ji Bangali. "Wani yaro a layinmu haka aka yi masa bara, sai da ya sayar da babur, bai tsira ba sai ranar da ya daina amsawa. Kare in ya ga kana jefa masa ƙashi ba ya barin ƙofarka. Ko dala ba za a ƙara ba. Kuma kada ki goge komai, kada ki ba shi amsa."

Haka aka yi. Muka ɗauki hoton kowane saƙo, da lambar da ta tura wa kuɗi. Ta rufe shafinta yadda baƙo ba zai ga mutanenta ba, muka kai ƙarar shafin bogin. Washegari Alhamis mu uku muka shiga mota zuwa ofishin 'yan sandan da ke bin masu laifin waya. Na zaci za a yi mana kallon banza. Wata mata muka samu mai tabarau, ta ba Masanje ruwa, ta rubuta komai, ta ce Masanje ce ta shida tun safe. Ta ce da yawansu in suka ga babu kuɗi gaba suke yi, amma ba za ta yi mana rantsuwa a kan wannan ba.

"Sandar da ya riƙe guda ɗaya ce," in ji ta, "tsoron kada babanki ya ji. In babanki ya ji daga bakinku, me ya rage masa?"

A hanyar dawowa Masanje ta ƙanƙame hannuna.

"Ba zan iya ba, Yaya. Baba zai ce ba shi ba ni. Gara in bar garin."

Ni ma na san Baba. Ba ya duka, ba ya zagi, amma in ya juya wa mutum baya ya juya ke nan. Ƙaninsa na ciki ɗaya shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba.

Bangali ya juyo daga kallon titi ta taga. Ya ce, "Ni zan faɗa masa. Zan cire hula."

A wajenmu in maƙeri ya cire hularsa ya ajiye a gaban Bafulatani, ya roƙe shi da alkawarin kakanni, ba a cewa a'a, ko kisan kai aka yi. Amma wanda ya tsaya a kan alkawarin nan ya karɓe shi duka ne. Alkawarin da ya ba shi bakin roƙo, shi ne ya hana shi aure.

Masanje ta gane kafin in buɗe baki.

"A'a! Bangali, a'a! In ka yi haka ka faɗa da bakinka cewa kai abokin wasanmu ne, ba suruki ba. Dattawan da za su iya lallashin Baba, me za su ce kuma? Ka rufe mana ƙofa ke nan har abada!"

"Da in same ki ba ki da uba, gara in rasa ki kina da shi."

"Ban yarda ba!"

"Yaushe baiwa ta fara yarda ko ƙin yarda?" Ya yi murmushi, amma muryarsa ta karye a tsakiya.

Ranar Juma'a da safe Baba yana zaune a tsakar gida a kan buzunsa, ya sha farar riga, yana yanke farce kafin masallaci. Wayar Masanje tana aljihuna, tun asuba take ruri, ban duba ba. Sai ga sallama.

Baba ya ɗaga kai, fuskarsa ta canza, amma al'ada al'ada ce.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe bawa ya shigo? Kante, gawayi ya ƙare ne ka zo bara?"

"Na zo duba dukiyata ne, Laji. An ce min tsohon makiyayina ya fara cin nama shi kaɗai."

Baba ya yi 'yar dariya ta dole. "Mun yi magana da kai, Bangali."

"Mun yi, kuma ban karya ba. Ba neman aure na zo ba."

Ya tako har bakin buzun, ya durƙusa, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafun Baba. Rezar da ke hannun Baba ta tsaya cak. Masanje tana bayana a bakin ƙofar ɗaki, ina jin numfashinta a wuyana.

"Laji Sangare, ɗan Kante ne a gabanka. Da alkawarin da kakana ya yi da kakanka nake roƙo. Zan faɗi magana mai nauyi, in na gama abin da nake so shi ne kada ka juya wa Masanje baya."

Ya faɗa duka. Bai ƙara ba, bai rage ba, sai dai duk inda nauyi yake sai ya jawo shi kansa: da sunansa aka shiga, da hotonsa aka yaudare ta, shirunsa ne ya ba da hanya. Ya faɗi inda muka je jiya da abin da aka ce mana. Ya ce mai yiwuwa kafin la'asar wani abu ya shigo wayar Baba, mai yiwuwa kuma ba zai shigo ba.

Baba bai motsa ba.

"Masanje."

Ta fito da rarrafe, ta kifa goshinta a kan ƙafarsa.

"Baba ka yafe min. Baba na ci amanarka..."

Ya daɗe yana kallon bayan kanta. Sannan ya ɗora hannu a kai.

"Kwana nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

"Tara."

"Kwana tara, ina gidan nan ina cin tuwo." Ya goge ido da hannun riga. "Har na zama abin tsoron da 'yata za ta sayar da zinaren uwarta ta ba ɓarawo, ba za ta zo wurina ba? Tashi. Ko maƙeri bai cire hula ba, ni na haife ki."

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo min.

"Nami, riƙe. Duk abin da ya shigo daga lambar da ba ki sani ba, ki kai wa matar nan ta ofis. Idona ba zai gani ba. Wanda kuma ya gani a garin nan ya zo min da zancen, ni da shi ne."

Sai ya juya ga Bangali.

"Kai kuma, ka san abin da ka yi wa kanka?"

"Na sani, Laji."

"Ka sani, ka yi?"

"Na yi."

Bangali ya ɗauki hularsa, bai saka ba, ya miƙe. Bai kalli Masanje ba, na san in ya kalle ta ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba. Ya nufi ƙofa a hankali. Masanje ta toshe bakinta da mayafi, kukan yana fita ta hanci. Ni ko haushi ne ya kama ni, na kakanni da alkawarinsu da duk wanda ya ƙirƙiro waya.

Ya sa hannu ya ja ƙyauren. Ƙafarsa ɗaya tana waje.

"Kante!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

Baba ya jawo buzun gefe, ya buɗe wuri kusa da shi, inda ko Siyaka bai taɓa zama ba.

"Kai ka yi naka roƙon, an ba ka. Ni ban yi tawa maganar ba tukuna. Wa ya sallame ka? Dawo ka zauna."